Jirgin Ruwan Wanda Ba a Gaya Wa Gaskiya

An yi wani mutum a nan garinmu na Greensboro. Ba zan ambaci sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne. Yana salla, yana azumi. Laifinsa guda ne: ba ya yarda a gaya masa abin da ransa ba ya so. Wannan halin ne ya ci ran ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Daga Maraɗi ya zo. Ya wanke kwanoni a gidan abinci, ya ɗauki kaya a kamfanin kujeru, sannan Allah ya buɗa masa. Ya kafa wurin sayar da tsofaffin motoci a High Point Road, yana loda wasu zuwa Kwatano. Ya bar gidan haya na unguwar Glenwood ya sayi nasa a unguwar Sedgefield. Ya kawo ƙaninsa Moctar daga gida don ya taya shi aiki.

A Sedgefield ya ga maƙwabtansa suna jan jiragen ruwa a bayan motocinsu duk ƙarshen mako. Sai ya ce shi ma zai saya, kuma ba ƙaramin na kamun kifi ba. Babba yake so, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wanda ake yini a ciki ana yawo.

Ya 'yan uwa, sayen jirgin ruwa ba haramun ba ne. Ku saurari inda ɓarnar take.

A shekarar 2007 ya shiga nema. Ya je wuraren baje kolin jirage, ya tuƙa mota har bakin teku inda ake ƙera su, ya buga wa kamfani bayan kamfani waya. Bayan sallar Juma'a sai ya tsaya a wajen ajiye motoci yana ba mutane labari. Yakan ce, "Ni ba jirgi nake dubawa ba, kostoma sabis nake dubawa. Yadda suka karɓe ni yau, haka za su karɓe ni ranar matsala."

Maganar tana da kyau a kunne. Amma me yake nufi da ita? Ya soke wani kamfani don injiniyansu ya ce injin da ya zaɓa bai dace da jirgin ba. Ya soke wani don sun ce aikin zai ɗauki lokaci. Duk wanda ya ce masa "to", mai ladabi ne. Duk wanda ya ce masa "amma", ba shi da tarbiyya.

Daga ƙarshe ya ga jirgin da ya kwanta masa a rai. Ma'aikaciyar da kamfanin ya haɗa shi da ita sunanta Lucia. Ta karɓe shi da fara'a, ta zaga da shi ko'ina. Sannan ta ce masa wanda bai taɓa tuƙa jirgi ba, ya kamata ya fara zuwa a koya masa kafin ya ɗauki iyalinsa a irin wannan.

Ransa ya ɓaci. Shi da ya tuƙa babbar mota tun daga Maraɗi har Agadas, mace ce za ta tura shi makaranta? Ya kira manaja. Ya ce ta raina shi, ta wulaƙanta shi don baƙo ne. Ya san ba haka aka yi ba. Ya yi ta kira har aka sallame ta daga aiki.

Manaja ba ya son ciniki ya kuɓuce, sai ya haɗa shi da wani ma'aikaci, Davou, Kirista ɗan Jos, wanda Hausa ta zauna a bakinsa. Ranar farko Davou ya miƙe tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya Hajiya da yara?"

Mutumin nan ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya ce, "Yawwa! Yanzu na zo wurin mutane." Ya zauna ya ba Davou labarin yadda ya sa aka kori Lucia, yana dariya. Davou ma ya yi dariya. Amma yana da mata da 'ya'ya, kuma aikin nan ne abincinsu. Ya ji abin da aka gaya masa, ya kuma gane.

Aka yi ciniki. Aka kai jirgin wani babban tafki kudu da gari aka ɗaure. Mutumin ya sanar cewa washegarin ƙaramar Salla zai fita da iyalinsa da wasu abokai. Ya sa aka ɗinka masa shadda, aka ɗinka wa Moctar irinta.

Ana gobe Salla kamfani ya gano matsala. Tiyon fetur na irin waɗannan jiragen yana tsagewa, mai yana ɗiga a ƙarƙashin daɓe. Aka umarci kowane ma'aikaci ya kira mutanensa ya ce kada su kunna inji sai an canza. Davou ya ɗauki waya.

Kun san yadda muke. Ba ma jefa wa babba mummunan labari a fuska. Sai an gaisa, an kewaya, an shigo ta gefe. Davou ya yi masa barka da shan ruwa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata 'yar magana a kan tiyon fetur. Da Alhaji zai ɗan ɗaga fitar nan..."

Mutumin ya katse shi. "Davou, kai ma ka fara irin na Lucia? Na gayyaci mutane. Injin zai yi aiki ko ba zai yi ba?"

"Zai yi, ranka ya daɗe. Sai dai..."

"Sai dai me? In kira manaja ne?"

Davou ya ce, "Ba komai, Alhaji. Bayan Salla sai mu duba."

Davou yana da nasa alhakin, kuma zai amsa. Ran mutum ya fi aiki. Amma wa ya dasa masa tsoron? Wa ya koya masa cewa gaskiya a gaban wannan mutumin kora ce?

Ranar ta zo. Suna shiga jirgin, matarsa Fassouma ta ji warin fetur. Ta dubi Moctar. Moctar ya dube ta, shi ma ya ji. Babu wanda ya buɗe baki. Sun zauna da shi shekaru, sun san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Fassouma dai ta jawo ɗansu ta ɗaura masa rigar ceto, ta ɗaura tata.

Moctar ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya. Bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Wansa ya ce, "Kai baƙauye! Shaddar da na ɗinka maka za ka rufe da wannan abu? Hoto za a ɗauka, a aika gida."

Moctar ya yi murmushi ya ce, "To, Yaya." Ya ajiye.

Suka kai tsakiyar tafki. Aka kashe inji, aka baje shinkafa da nama, aka ɗauki hotuna. Rana tana dukan jirgin, fetur yana ɗiga, tururinsa yana taruwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Da suka gama ci, mutumin ya koma kujerarsa ya murɗa makulli.

Daɓen jirgin ya tashi sama. Wuta ta kama ko'ina. Kowa ya faɗa ruwa.

Masu kamun kifi da ke kusa suka rugo. Suka tsamo Fassouma da yaron, suka tsamo abokai. Suka tsamo mutumin da hannuwa a ƙone. Moctar kuwa babbar rigarsa ta sha ruwa, ta naɗe masa hannu da ƙafa, ta ja shi ƙasa. Sai washegari aka samo gawarsa.

Mutumin yana kwance a asibiti, dole a sanar da mahaifiyarsu, Hajiya Tchima, a Maraɗi. Hannunsa ba ya riƙe waya, Fassouma ce ta kara masa a kunne. Ya gaishe ta, ya tambayi gida. Ya ce, "Inna, Moctar ne ba ya jin daɗi."

Tsohuwa ta ce, "Kada ka lallaɓa ni. Ni ana gaya mini gaskiya. Ya rasu?"

Ya ce ya rasu. Ya ba ta labarin jirgi da wuta.

Ta yi salati. Ta ce, "Duk mutanen da ke tare da kai, babu wanda ya ga alama? Babu wanda ya gaya maka?"

Ta jira. Sannan ta miƙa wa wani wayar, kuma ba ta sake karɓar kiransa ba.

Wurin motocin an rufe. Davou ya ajiye aiki ya bar jihar. Mutumin yana nan, yatsunsa a ƙandare, ko cokali sai an taimaka masa. Kamfani ya yi ta kiransa da murya mai taushi ana ba shi haƙuri. Me taushin murya zai dawo masa da shi?

Ya 'yan uwa, ga darasin a fili. Girman kai ba sai a tafiya ko a sutura ba. Wanda ya ƙi gaskiya don ta fito daga bakin mace, ko ƙane, ko ma'aikaci, shi ne mai girman kai. Wanda ya zalunci mai faɗa masa gaskiya, ya rufe bakin duk wanda ya gani. Ranar da yake bukatar a yi masa ihu, sai a yi masa ladabi.

Kowa ya duba gidansa yau. Matarka tana iya ce maka ka yi kuskure? Ɗanka fa? Yaron shagonka fa? In kowa "to" yake ce maka, kada ka yi murna. Ba sonka ake ba, tsoronka ake ji.

Kai kuma da ka ji warin fetur, ka faɗa. Ka faɗa da ƙarfi, ko za a kore ka, ko za a kira ka marar kunya.

Allah ya jiƙan Moctar, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Allah ya shiryi wansa, ya karɓi tubarsa. Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ke ƙin gaskiya, da bakin da ke tsoron faɗinta. Amin.