Manomin da Ya Ɓoye Haƙorinsa Mai Girgiɗa

A wani ƙauye akwai wani manomi wanda san huɗa ya tunkuye shi a baki, haƙorinsa na gaba ya fita. Shekara uku yana yawo da giɓi. Ko addu'a aka ce ya yi a majami'a, sai ya sunkuyar da kai ya yi ta ciki-ciki don kunya. Da 'yarsa Damaris ta ga abin yana cinsa, sai ta kai shi birni wurin likitan haƙori. Likitan ya dasa masa ɗan ƙarfe a cikin ƙashin baki, bayan wata huɗu ya ɗora farin haƙori a kai, ya ɗaure shi da wani ɗan mitsitsin noti.

Da zai sallame shi ya ce, "Baba, haƙori na cin abinci ne, kada ka mai da shi kayan aiki. Ranar kuma da ka ji ya motsa, ko kaɗan ne, ka zo mini a ranar."

Manomin ya ce ya ji.

Kaka ta yi, masara ta yi kyau. Kun san yadda mutanenmu ke ɗaure buhu: hannu ya riƙe bakin igiya ɗaya, haƙori ya kama ɗayan, a ja. Haka manomin nan yake yi tun yana saurayi, bai ma san lokacin da igiyar ta shiga bakinsa ba. Yana ja sai ya ji ƙas! Ya kai harshe a hankali, ya ji haƙorin ya motsa.

Ya ce a ransa, "Na shiga uku. In na je, likita zai tambaye ni yadda aka yi. Da wane ido zan dubi Damaris bayan duk wahalar da ta sha?" Sai ya ƙudura ba wanda zai sani.

Ya dinga danna haƙorin da babban yatsa wai ko zai koma. Ya liƙa masa ƙaro. Ya cusa kanumfari. Kullum ya goge shi da asuwaki har yana ƙyalli, wanda duk ya gani sai ya yaba. Amma mutumin nan bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Yana farkawa da safe, kafin ya buɗe ido, harshe ya riga ya je ya duba ko haƙorin yana nan. A majami'a ana wa'azi, shi yana can yana taɓa haƙori, ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa. Gasasshiyar masarar da yake so kamar me, ya daina ci.

Matarsa ta ce, "Baban Damaris, lafiyarka kuwa? Ka daina dariya, nama ma sai ka ture."

Ya ce, "Cikina ne, zai wuce."

Kai, mutum da taurin kai! Wata uku cur yana wannan ɓoyo. Dasashin ya kumbura, bakin ya fara wari. Wata safiya matar ta ga jini da mugunya a kan asuwakinsa. Ba ta ƙara tambayarsa komai ba, ta ɗauki mayafinta ta ce, "Yau sai birni."

Likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya daɗe yana dubawa. Can ya tambaya, "Baba, yaushe ya fara?"

Manomin ya faɗi gaskiya duka, har da igiyar buhu.

Likitan ya girgiza kai. "Ranar nan notin ne kawai ya kwance. Da ka zo, minti goma ya isa in ɗaure maka shi. Yanzu datti ya bi ta ƙarƙashi, ƙashin ya ruɓe. Dole in cire duka, har ƙarfen."

Idon manomin ya cika da hawaye. Ya ce, "Faɗanka na ji tsoro, likita."

"Ai da na yi faɗan, Baba. Amma da ka koma gida da haƙorinka."

Aka cire. Ya koma ƙauye da giɓin da ya fi na dā, ba kuma tabbacin ƙashin zai sāke riƙe wani.

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce: haƙorin nan sabon rai ne wanda Allah ya dasa a cikinmu, ba don mun isa ba. Igiyar buhu tsohon halinmu ne, wanda muke komawa gare shi ba mu ma ankara ba: fushi, ƙarya, gulma, kwalba. Likitan kuwa Ubangiji ne. Ya san mu masu tuntuɓe ne, shi ya sa tun farko ya ce mu komo gare shi da wuri.

Ku lura, ba jan igiyar ne ya raba mutumin nan da haƙorinsa ba, wata ukun da ya yi yana ɓoyewa ne. Da yawa muna haka. Mu sa fararen kaya ran Lahadi, mu ɗaga murya cikin waƙa, a ƙarƙashi kuwa abu yana ruɓewa, tsoro yana cinmu. Ina faɗa muku da damuwa, gama na ga gidajen da suka watse a kan abin da "na yi kuskure" ɗaya za ta gyara tun farko.

Akwai wanda ke zaune a nan yanzu, ya san abin da ya motsa a cikinsa makon nan. Ɗan'uwa, kunyar tuba ba ta kashe kowa. Kada ka jira sai ya yi wari. Ka kawo shi gaban Ubangiji yau, tun yana gyaruwa.