Wutar da Tasalla Ta Binne

Dalilin da ya sa teku ya shiga tsakanin ƙasa da ƙasa kuke son ji? Tun ɗazu kuke gardama a kan taswirar makarantarku, wai bakin nahiyarmu ya yi daidai da na waccan ta tsallake, kamar fasasshiyar ƙwarya. To idonku bai yi ƙarya ba. Ku matso, kuma kada wanda ya katse ni.

Da can ƙasar ɗaya ce. Mutum zai taso daga gabas ya kai yamma bai jiƙa ko diddige ba, cikin ƙasa kuwa sanyi ƙalau. A tsakiyarta akwai wata mata, Tasalla, da ƙanwarta Kuluwa, uwa ɗaya uba ɗaya, gidajensu na kallon juna. Tasalla ce ta gaji wutar uwarsu, wata irin wuta da ba ta mutuwa.

Kullum da sassafe Kuluwa za ta zo da ɗan kaskonta ɗiban wuta, ta nemi wuri ta zauna, surutu har hantsi. Da gangan take barin murhunta ya mutu, don ta sami hanyar ganin yayarta. Tasalla ba ta gane ba, ita dai ta gaji. Rannan ta haƙa rami a tsakar gida, ta juye garwashin kaf, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe.

Kuluwa ta yi sallama. "Yaya, an tashi lafiya? Wuta zan ɗiba."

"Ta mutu," in ji Tasalla.

"Wutar Inna ce ta mutu?"

"Na ce miki ta mutu. Kowa ya riƙa kula da murhunsa mana."

Kuluwa ba takalmi a ƙafarta, ta ji ƙasa da ɗumi. Ta gane. Ta juya da kaskonta babu komai a ciki.

Wutar kuwa da ta rasa hanyar sama, sai ta nufi ƙasa. Ta ci turɓaya, ta ci laka, ta kai ga dutse ta narkar da shi, har cikin ƙasa ya koma yana tafarfasa kamar tukunyar kunu. Ɓawon da ke sama ya kasa jurewa, ya tsage. Tsagar ta bi ta tsakanin gidajen biyu, faɗinta bai fi yatsa ba.

Dattawa suka ce, "Ku shirya tun ana iya tsallakawa."

Tasalla ta ce, "Ni ce babba. Ta zo ta gaishe ni, magana ta wuce."

Kuluwa ta ce, "Ni aka kora. Yaya ta aiko mini ko da garwashi ɗaya ne, zan zo."

Ina garwashin yake? Tasalla ta tone ramin a ɓoye, ta tarar wuta ta yi nisa, sai hucinta. Ta fito ta ce ƙarya ta yi kuma, kunya ta hana ta.

Bana da taku ɗaya a tsallake tsagar, baɗi sai da tsalle. Narkakken dutse yana juyi a ƙasa, yana jan ɓangare nan, ɓangare can. Ruwa ya cika tsakanin. Kowace tana leƙen 'yar'uwarta ta kan danga, kowace tana jira. Abin baƙin cikin shi ne ba ƙin juna suke ba.

Sai da Tasalla ta tsufa tukuf ta dogara sanda ta zo bakin ruwa. Ta hango Kuluwa can, 'yar mitsitsiya. Ta tattara ƙarfinta ta ƙwala kira.

"Kuluwa! Ƙarya na yi miki, ba ta mutu ba! Ki yafe ni!"

Ƙugin ruwa ya haɗiye maganar. Kuluwa ta ga dai ana ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga. Shekara ta zagayo, Tasalla ta dawo, ba komai a gabanta sai ruwa.

Shi ya sa har yau ƙasashe ke ja da baya da juna, a hankali, gwargwadon tsirowar farce. In kun ji an yi girgizar ƙasa, ko wani dutse ya yi aman wuta, wutar nan ce ke neman hanyar fita. Tana can ƙarƙashin ƙafafunku tana ci, kuma tun ranar da aka hana Kuluwa ita, ba ta sake dafa wa kowa komai ba.