Rumfar da ta Riga Gawa Isowa

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na bakin teku, can kudancin Trinidad, sunansa Harrilal Bissoon, amma kowa Oga Lal yake ce masa. Na san shi tun yana tallan kifi a bayan keke, ƙafa duk faso.

Daga baya ya gano cewa kwale-kwalen da ke tsallakowa daga Venezuela ba kifi kaɗai za su iya ɗaukowa ba, sai ya shiga safarar hodar iblis. Cikin shekara biyar ya gina bene mai hawa uku, samarin ƙauye kuma suka fara yawo a titi suna magana su kaɗai.

Duk mun sani. Abin da ya rufe mana baki rumfa ce.

A wurinmu in an yi rasuwa sai an kafa rumfa a ƙofar gida, a jera kujeru, a yi kwanaki ana raba kofi da biskit da cuku, maza suna karta. Talaka bai iya ɗaukar wannan nauyin. To, ko wa ya mutu, kafin hawaye su bushe motar Cuthbert mai hayar rumfuna ta iso, wai saƙon Oga Lal ne. Mun sha kofinsa. Ni ma na sha, kuma har gobe ina jin kunyar hakan. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Wata rana da rana tsaka Lal ya harbe wani abokin hamayyarsa a inda masunta ke ɗaure jirage. Mutum biyu ne suka yarda za su faɗa wa kotu abin da suka gani: Deonath direban tasi, da Anslem masunci, ɗa tilo ga wata dattijuwa da muke kira Tanti Merle.

An tsinci gawar Deonath a gonar rake bayan wata guda. Lal ya aika da rumfa, muka je muka zauna kamar tumaki.

Saura Anslem. Ranar Litinin zai tsaya gaban alƙali. Ranar Juma'a aka wuni ana ruwa, bai fita ko'ina ba, yana gida yana toshe wa uwarsa rufin da ke yoyo. Da safiyar Asabar ya karya, ya ce zai je ya duba injin jirginsa ya dawo.

Wajen ƙarfe tara Tanti Merle tana goga kwakwa a baranda, sai ga motar Cuthbert ta tsaya. Ya fara sauke ƙarafan rumfa.

"Cuthbert, ka yi ɓatan kai ne, ko giyar jiya ce ba ta sake ka ba?" in ji ta.

Ya cire hula. "Sannu da haƙuri, Tanti. Allah ya jiƙansa."

"Ya jiƙan wa?"

"Anslem mana. Oga ya kira ni tun jiya da la'asar, ya ce gidan Merle, da safe."

Ta ajiye kwakwar. "Jiya da la'asar Anslem yana kan rufin nan. Yanzun nan ya sha shayi ya fita, ga kofinsa ko wankewa ban yi ba."

Cuthbert ya tsaya da ƙarfe a hannu, ya kasa ajiyewa, ya kasa mayarwa. Ashe ranar Juma'a Lal ya tsara a gama da yaron, ruwan sama ya hana yaransa. Shi kuwa don tsabar raina mutane, ko a ransa bai kawo ya dakatar da mai rumfa ba.

Tanti ta ruga bakin teku ba takalmi, tana kiran sunan ɗanta. Jirgin yana nan a ɗaure, akwatin kayan aikinsa a buɗe. Sai yammacin Lahadi aka samu gawarsa cikin itatuwan bakin ruwa.

Cuthbert ya so ya kwashe kayansa ya gudu. Ta ce, "Kafa rumfar. Ina so duk wanda ya wuce ya tuna da wace rana ta zo."

Rana ta biyu Lal ya zo gaisuwa cikin farar riga. 'Yan karta suka ajiye kartarsu.

"Tanti, Anslem ƙanena ne. Duk abin da kike buƙata, ki yi magana."

Ta dube shi. "Harrilal, ni na riƙa ba ka ƙanzo lokacin da uwarka ba ta da abin ɗorawa a wuta. Na gode da rumfa. Ta yi sammako."

Ya yi murmushi ya ce, "Ki kula da lafiyarki, Tanti, shekaru sun ja." Kowa a wurin ya gane abin da yake nufi.

Bayan ya tafi ta kira Cuthbert gefe, ta ce ya zo su je ya faɗa wa hukuma ranar da Lal ya kira shi. Ya ce, "Tanti, 'ya'yana huɗu. Kin ga abin da ake yi wa masu shaida."

"Na gani, ni na wanke nawa. Amma kai kaɗai ka ji umarnin da kunnenka, kuma ya san ka ji. Kana tsammani shirunka zai cece ka? Faɗa mini, in taka ta zo, wa zai kafa?"

Washegari su biyu suka shiga motar haya zuwa birni. Hukuma ta ɓoye su wata goma sha huɗu. Da ɗaya daga cikin yaran Lal ya ji Cuthbert ya yi magana, shi ma ya buɗe baki don ya tsira da wuyansa. Aka yanke wa Lal hukuncin rataya kan kisan Deonath da Anslem.

Ya ɗauki manyan lauyoyi, ya yi shekara huɗu yana ɗaukaka ƙara, bai yi nasara ba. Wata safiya aka rataye shi, aka binne shi a filin gidan yari. Ko gawar ba a ba iyalinsa ba.

Matarsa ta sa aka kafa rumfa a ƙofar benen, kujera ɗari biyu. Na wuce ta wurin da idona. Ita ce zaune da ƙanwarta, kofi ya huce a tukunya.

Kada ku ce Tanti Merle ta yi murna. Ba ta sake komawa ƙauyen ba. Na ziyarce ta a ɗan ɗakin da take haya a wani gari, ta tsufa tukuf. Kofin shayin Anslem yana ajiye a kan kantar ɗakin. Ta ce mini, "Da kun ƙi zama a rumfar Deonath, da ba a kafa tawa ba." 

Darasi: Kyautar azzalumi kuɗin shirunka ce, kuma shirun da ka yi a makokin maƙwabci shi ke kawo rumfa ƙofar gidanka. Shi kuma mai zalunci ya sani alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya mayar da kofin da aka miƙo masa.