Bawul Ɗin da Baba Mai Sifana Ya Ƙwala

Akwai wani dattijo a kamfanin lemon kwalba, ana ce masa Baba Mai Sifana. A bakin injin cika kwalba ya yi furfura. Tsohon injin nan ɗan taurin kai ne, bawul ɗinsa, wato bakin da ke cika kwalba, kan maƙale ya ƙi zuba lemo. Sai Baba ya zaro sifana, ya ba shi ƙwal ɗaya a ƙeya, aiki ya ci gaba. Har alfahari yake yi da wannan hannu nasa.

Ana nan sai kamfani ya kawo sabon inji. Jama'a, abin sai wanda ya gani! Katon faranti ne mai juyawa a cikin ɗakin gilashi, bawul jere a jikinsa suna sheƙi. Kwalabe su shiga fanko, kafin ka ƙifta ido sun fito cike, wuyansu daidai wa daida, ba kumfa, ba ɗigo a ƙasa.

Wata injiniya aka turo ta koyar da ma'aikata, yarinya sa'ar 'yar Baba ta fari. Ta same shi da ladabi.

"Baba, gobe za mu fara darasi, ina so ka zauna a gaba."

Ya yi dariya. "'Yata, tun ba a haife ki ba nake cika kwalba. Koya wa yara."

Manaja ya bar shi a kan injin saboda girmansa. Aiki na tafiya, rannan sai Baba ya hango wani bawul ya kama kwalba, ya yi shiru, ya sake ta ba ko ɗigo. Ya ce a ransa, ashe kai ma halin yayanka tsohon inji ne da kai. Ya buɗe ƙofar gilashin, inji ya tsaya da kansa, ya ɗaga sifana ya sakar masa ƙwal.

Wani ɗan akwati da ke kan bawul ɗin ya fashe. Jar fitila ta kama, ƙararrawa ta cika ɗakin, aiki ya tsaya cak, ga motoci a waje suna jiran lodi.

Manaja ya zo yana huci. "Gobe ka koma sito jera akwatuna. An gama!"

Baba ya koma gida, ya kasa cin abinci. Ba aikin sito ne ya dame shi ba, rabuwa da bakin injin ne, da kunyar yaran da ya raina. Matarsa ta ji labari ta riƙe haɓa.

"Malam, rediyonmu da fanka duk hannunka ne ajalinsu. Yau ka kai ga na mutane?"

Washegari injiniya ta canja abin da ya fashe, ta aika a kira Baba. Ya zo yana jiran faɗa. Sai ta miƙa masa kwalbar jiya da bawul ya ƙi cikawa.

"Baba, ɗaga ta a hasken fitila."

Ya ɗaga, ya juya, ya sake juyawa. Can a gefen wuya ya ga tsaga siririya kamar gashi.

Ta kunna injin a hankali don ya gani. "Bawul ɗin nan ba ya zuba lemo sai ya fara zuƙe iskar cikin kwalba, ya hura mata gas. In kwalba ta riƙe gas ɗin, sai ya saki lemo ya bi jikinta a hankali, yana auna shi. In ta kasa riƙewa, ya san a tsage take, sai ya ƙi zubawa. Ba maƙalewa ya yi ba, Baba. Da ta cika ta fita, ƙila a hannun wani yaro za ta fashe."

Baba ya kafa wa bawul ɗin ido. Bawul ɗin yana kamawa, yana jira, yana zubawa, yana sakin gas da ɗan huci kamar mai numfashi. Sai Baba ya ce:

"Tsarki ya tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam wannan basira. Ƙarfe ya ga abin da idona bai gani ba, ni kuma na dake shi."

Manaja na tsaye, ma'aikata sun kewaye. Baba ya cire hularsa, ya dubi injiniya.

"'Yata, ki koya mini. Ko a bayan yaran nan ne zan zauna."

Ta dubi manaja. "Ranka ya daɗe, a cikin duk mutanen nan shi kaɗai ya lura kwalba ɗaya ta wuce fanko. Irin idon da nake nema ke nan. A bar mini shi."

Manaja ya gyaɗa kai. Baba ya jawo benci ya zauna a tsakiyar yaran da ya raina, ya ce, "To Malama, daga ina za mu fara?"

Darasi: Daɗewa a kan aiki ba ta hana mutum zama ɗalibi. Kafin ka ɗaga hannu a kan abin da ba ka gane ba, tsaya ka tambaya, ko da mai amsar sa'ar 'yarka ce. Tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai sifana a cikinsu.