Ranar da Dikko Ya Ara wa Abokin Karawarsa Bindiga

Akwai wani matashi ɗan Katsina mai suna Dikko, wanda ya zauna a birnin New York a farkon shekarun 1970. Kawunsa Ishiyaku, ma'aikaci a ofishin jakadancin Najeriya, shi ya ɗauko shi don ya karanta injiniya. Suna zaune a unguwar Flatbush, a hawa na huɗu, shi da Kawu da matar Kawu, Inna Turai.

Tun a gida Dikko ya iya bindiga, domin mahaifinsa kan tafi da shi harbin zabin daji. Bayan zuwansa, wani ɗan ajinsu ya kai shi wani kulob a Staten Island inda ake wasan harbin faifai. Inji ne ke cilla ɗan faifan yumɓu sama, girmansa bai fi tafin hannu ba, mai harbi kuma ya tarwatsa shi kafin ya faɗo. In ka shirya sai ka ce "Pull!", faifai ya fito a guje.

Ranar farko ya fasa goma sha tara cikin ashirin da biyar. Shi ke nan wasan ya shiga ransa.

Kowace Asabar sai ya hau jirgin ƙasa, ya hau jirgin ruwa ya tsallaka, sannan ya shiga bas. Wahalarsa ɗaya: shi bahago ne. Sai da ya yi wata bakwai yana nema kafin ya samu tsohuwar bindiga mai ƙotar da aka sassaƙa don bahago.

A duk kulob ɗin bahagwai biyu ne kawai, shi da wani Ba'amurke mai suna Walter. Walter shi ne gwanin matasa. Mahaifinsa, Mista Novak, tsohon zakara ne da ba ya koyar da kowa sai ɗansa.

Walter ba ya amsa gaisuwar Dikko. Wata rana ma a gaban mutane ya ce masa, "Ni na ɗauka da kwari da baka kuke harbi a ƙasarku."

Dikko ya yi murmushi ya ce, "Da su ma muna yi." Ya ci gaba da goge bindigarsa.

Shekara biyu yana wannan zirga-zirga, hannunsa na ƙara faɗawa, amma karatu ya fara ja da baya. Da sakamakon jarrabawa ya fito, Kawu Ishiyaku ya kira shi falo.

"Dikko, ni da yayata muka yi magana kafin in ɗauko ka. Digiri na ce mata zan mayar mata, ban ce maharbi ba."

"Haka ne, Kawu."

"To wannan gasar da kake ta zancenta, yaushe ce?"

"Ƙarshen watan Mayu. Wanda ya ci, kulob zai tura shi babbar gasa a Ohio."

Kawu ya ce, "In ka ci, na san abin naka da gaske ne, sai mu san yadda za a haɗa shi da karatu. In ba ka ci ba, ka kawo min bindigar in ajiye. Ka yarda?"

"Na yarda, Kawu."

Ranar gasa Kawu ya biyo shi da kansa, karo na farko ke nan. Ya samu benci ya zauna, ya toshe kunnuwansa da audugar da Inna Turai ta ba shi.

Faifai ɗari kowa zai harba. Da aka gama lissafi da la'asar, Dikko na da casa'in da bakwai, Walter ma casa'in da bakwai. Alƙalin wasa ya ce su biyun za su sake karawa, ashirin da biyar-biyar, don a raba gardama.

Sun harba shida-shida ke nan, babu wanda ya kuskure, sai Walter ya ja kunama, bindiga ta ce ƙas, ba ta tashi ba. Mahaifinsa ya buɗe ta ya duba, ya girgiza kai. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye a ciki.

Alƙali ya ce, "Minti goma gare ka. Ko ka gyara, ko ka samo wata. In ba haka ba, nasara ta Dikko ce."

Mutane biyu suka miƙo nasu bindigogin. Walter ya ɗora kowacce a kafaɗa, ba ta zauna ba, domin duk na masu hannun dama ne. Fuskarsa ta yi ja, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Dikko na tsaye gefe yana kallon agogon alƙali. Ba abin da ake nema daga gare shi sai ya yi shiru. Minti goma su cika, ga Ohio, ga bindigarsa ta tsira. Babu kuma wanda zai ce ya yi laifi.

Saura minti uku ya taka ya je wurin alƙali.

"Doka ta hana mu harba da bindiga ɗaya, ni da shi?"

"Ba ta hana ba."

Dikko ya juya ya miƙa wa Walter tasa. "Gwada wannan."

Walter ya dube shi kamar bai gane Turancin ba. Ya karɓa, ya ɗora a kafaɗa. Ta zauna daram.

Haka suka ci gaba. Wannan ya harba, ya buɗe bindiga ya miƙa wa wancan. Bakinta ya yi zafi har sai da suka riƙa kamawa da hankici. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai "Pull!" da ƙarar harbi.

A faifai na ashirin da biyu iska ta ɗan ɗaga faifan Dikko, harbinsa ya bi ta ƙasa. Walter kuwa bai kuskure ko ɗaya ba.

A jirgin ruwa kan hanyar komawa, Kawu ya tambayi Dikko, "Ka san zai iya cinye ka lokacin da ka ba shi?"

"Na sani, Kawu."

"To me ya sa?"

"Da na ci a haka, ƙarfen da ya karye ne ya ci, ba ni ba. Kuma na ga fuskarsa."

Da suka isa gida, Dikko ya miƙa wa Kawu akwatin bindigar ba tare da an tuna masa ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Inna Turai ta ce kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

Bayan mako uku, ranar Lahadi da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mista Novak ne da Walter, suna haki saboda hawan bene. A kulob suka ji labarin sharaɗin Kawu, suka nemi adireshi.

Walter ya fara magana, yana murza hularsa. "Na yi maka rashin mutunci tun zuwanka. Ka yafe min."

"Ya wuce," in ji Dikko.

Mista Novak ya dubi Kawu ya ce, "Shekara talatin ina wannan wasa, ban taɓa koyar da ɗan wani ba. Ina roƙon ka bar ni in koyar da wannan."

Kawu ya gyara zama. "Na gode. Amma mun yi magana da shi, kuma bai ci ba. Bindiga tana wurina. Sai dai ban ce har abada ba. Ya kawo min sakamako mai kyau a watan Disamba, sai ku ci gaba."

Inna Turai ba ta bar baƙin sun tafi ba sai da suka ci tuwon shinkafa. Yaji ya sa Mista Novak hawaye, amma ya nemi ƙari.

Wata shida Dikko bai taɓa kunama ba. A Disamba ya ajiye wa Kawu takardar sakamako a kan tebur, Kawu ya karanta sau biyu, ya tashi ya buɗe kabad ya ɗauko masa bindigarsa.

Mista Novak ya cika alkawari. Ya gyara wa Dikko tsayuwa, ya koya masa karanta iska. A 1975, shekarar da ya karɓi digirinsa, Dikko ya ci gasar kulob da casa'in da tara cikin ɗari. Walter ne na biyu.

Da za su tafi Ohio, Walter ne ya zo da mota har Flatbush. Ya hau hawa huɗun nan, ya gaida Kawu da "Ina kwana" irin tasa, ya ɗauki jakar Dikko ya sauka da ita.

Darasi: Alherin da ka yi a lokacin da zai iya jawo maka asara, shi ne alheri na gaskiya. Kada ka gina nasararka a kan tsautsayin wani, kuma in ka yi alkawari ka cika ko da ya yi maka ɗaci. Abin da ka rasa yau saboda kirki, Allah na iya mayar maka da wanda ya fi shi. Ka tura wa 'yan uwa da abokai, musamman matasanmu masu wasanni, ko wani zai amfana.