Yadda Idanun Hawainiya Suka Rabu

Ku gyara zama, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Kaka, kunnuwanmu na wurinki.

To. A da can, idanun Hawainiya wuri ɗaya suke kallo, kamar nawa da naku. Ita ce alƙaliyar wasan ƙwallo a dawa. In ta hura usur, ko Giwa sai ta tsaya cak. Ba ta da aminiya kamar Barewa, wadda ke ci wa 'Yan Fadama ƙwallo. Kullum Barewa ce ke goya ta zuwa fili.

Wata shekara Dila, mai horar da 'Yan Tudu, ya dawo daga birni da na'ura. Ya rataya kyamara a reshen tsamiya, ya jingina allon nuna hoto a gindinta.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ido yana ƙiftawa, wannan kuwa ba ta ƙiftawa. Abin da ya wuce ma tana dawo da shi."

Hawainiya ta ce, "Taimako ai ba a ƙin sa."

Ranar wasan cin kofi, 'Yan Tudu suka kara da 'Yan Fadama.

Zomo na 'Yan Tudu ya jefa ƙwallo a raga. Hawainiya ta ce ta ci. 'Yan kallo suka ce, "A duba allo!" Ta je ta duba. Ashe satar gida ya yi.

Zomo ya ce, "Haba Inna, kunnena ne kaɗai ya wuce."

Ta ce, "Kunnen na aro ne?" Ta soke ƙwallon.

Aka ci gaba. Biri na 'Yan Fadama ya tare ƙwallo, ita ba ta ga komai ba. Aka ce, "A duba allo." Ta je ta duba. Ashe da hannu ya tare.

Biri ya ce, "Ni fa ban san inda hannuna ya ƙare ƙafata ta fara ba."

Aka yi dariya. Amma ban da Hawainiya. Ta ce a ranta, sau biyu ke nan allo ya fi ni gani.

Dila kuwa yana lura da ita. Ya raɗa wa Giwa, mai tsare wa 'Yan Tudu baya, "Yaya, rana ta yi miki yawa. Koma inuwar tsamiya ki baza kunnuwa ki sha iska."

Can sai ga Barewa ta taho da ƙwallo, ta wuce kowa. Kura ta 'Yan Tudu ta biyo ta ta baya, ta sa mata ƙafa. Ƙas! Barewa ta faɗi.

Hawainiya ta gani, da idanunta biyu. Har ta kai usur baki.

Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, allo fa?"

Ta je ta duba. Ba komai a allo sai kunnen Giwa.

Barewa tana kwance ta ce, "Ƙawata, ke ai kin gani."

Hawainiya ta dubi allo, ta dubi Barewa. Ta ce, "Na gani. Amma na'ura ba ta gani ba. A ci gaba da wasa."

Barewa ta miƙe da ƙyar, ta ja ƙafarta ta shige daji. 'Yan Tudu suka ɗauki kofi.

Washegari Hawainiya ta zauna bakin hanya tana jiran mai goyonta. Ba ta zo ba. Ta rataye usur a tsamiya, ta bi sawu don ta ba da haƙuri. Amma wanda ya saba da goyo, ina zai kamo Barewa?

Har yau tana tafe. In kun gan ta a reshe, ku lura. Ido ɗaya na neman Barewa, ɗaya na waiwayen allo. Ta ɗaga ƙafa, ta fasa, ta sake ɗagawa.

Na'ura 'yar rakiyar ido ce, jikokina. In ta gani, a gode mata. In ba ta gani ba, wanda ya gani ya faɗa.

Ƙurunƙus kan kusu. Tawa ta tsaya nan.