Ƙofar da Aka Ce a Kankare

A zamanin da, a ƙasar babban kogin nan da ake ce wa sarakunanta Fir'auna, an yi wani sarki mayaƙi. Sunansa ya kuɓuce mini. Na ji labarin a wani zango, ko Agadas ko gaba da can, tsufa ya cakuɗa mini hanyoyin.

Sarkin ya komo daga yaƙin arewa da rabin rundunarsa kawai. Don a daina zancen waɗanda ba su dawo ba, ya yi doka: kafin kogi ya yi ambaliya, a kankare sunan mahaifinsa daga babbar ƙofar dutse ta gidan bautarsu, a sassaƙa nasa da labarin nasara. Su kuwa a imaninsu, wanda aka goge sunansa daga dutse ya mutu mutuwa ta biyu.

Aikin ya faɗa kan Nabra, shugaban masassaƙa, wanda shi ya sassaƙa sunan tun yana saurayi. In ya ƙi, a sare masa hannu. Kwana uku yana ɗaukar guduma yana ajiyewa, sannan ya tafi wurin Waziri Hurmas.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na kankare na kashe mamaci, in na ƙi na rasa hannu."

Waziri ya ce, "Gobe ka zo fada, ka kama bakinka. Ni ma ban san ko wuyana zai kai jibi ba."

Da fada ta cika, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, Nabra ya tsufa. A ba shi samari arba'in ya koya musu kankare sunan sarki."

Sarki ya ce, "Don me sai samari?"

"Don sana'ar ta daɗe, Zaki. Su za su yi wa magajinka aiki. Hannun da ya iya kankara ba ya tambayar sunan wane ne."

Dogarai suka dafa takubba. Sarki ya dubi 'ya'yansa da ke zaune a jere, ya daɗe yana dubansu.

Can ya ce, "Mutum nawa suka iya wannan aiki yau?"

"Ko ɗaya, Zaki. Ba a taɓa yi ba."

"To, kada a fara."

Ya sa a gina sabuwar ƙofa kusa da ta mahaifinsa. Da Nabra ya tashi fita, sarki ya kira shi, ya rage murya, ya ce, "Nawa sunan, ka zurfafa shi, har hannu ya shige zuwa gwiwa."

Iyakar abin da na riƙe ke nan.